Ni da Sarki Saul a Cikin Kaya

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Riyad, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a a unguwar Ulaisha ba. Ranar na tashi ne in koya wa mutane yadda sarauta ta samo asali a Isra'ila, sai ga ni a duƙunƙune cikin kwalin barguna. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ne a mota, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in faro muku daga tushe. Ni mutumin Wusasa ne, aikina gwajin jini a wani asibiti mai zaman kansa, matata Hannatu kuma nas ce a asibitin. Ta riga ni zuwa ƙasar da shekara biyu (takan tuna mini da wannan duk lokacin da na fara yi mata bayanin yadda ake zama a Saudiyya). Mu Kiristoci ne, kuma duk wanda ya zauna can ya san babu cocin da za ka nufa ranar Lahadi. Don haka mu goma sha huɗu 'yan Arewa, yawancinmu nas-nas, muke taruwa kowace safiyar Juma'a, tunda ita ce ranar hutu, a gidan wani dattijo da muke kira Baba Ishaya. Injiniyan ruwa ne, ya haura shekara ashirin a ƙasar, mutum ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Shi yake jan taron tun kafin yawancinmu mu san hanyar filin jirgi.

Taron namu yana da ƙa'idoji, domin ba wanda ya baro gida ya zo don a karɓe masa iƙama, wato takardar izinin zama, a sa shi a jirgi. Ba a zuwa a ayari, bibbiyu ake shigowa. In ka iso ƙasan bene sai ka yi wa Baba filashin, kafin ka hau an zare sakata, ba sai ka ƙwanƙwasa ba. Da an cika kowa ya kashe wayarsa. Ba tafi, ba ganga, waƙa ƙasa-ƙasa, a ƙure mukayyif yadda rurinsa zai shanye muryoyi ya kuma sanyaya ɗakin. Kullum akwai kek a kan tebur, don in wani ya leƙo ya ga liyafa ake yi. A lissafina mun yi wa Baba bikin ranar haihuwa ya fi sau ɗari.

Da can a ka ake riƙe ƙa'idojin nan, kowa ya san su, ba wanda ya taɓa kuskure. Ni ne da iyayina na zauna na buga su a takarda, na sa musu lamba ɗaya zuwa tara, na raba wa kowa. (Hannatu ce ta nuna mini cewa yanzu babu abin da ya fi takardar haɗari a gidan, aka tattara aka yayyage.) Ta tara ita ce abin alfaharina, don ni na ƙirƙiro ta: in wanda ba a sani ba ya buga ƙofa, kowa ya zauna inda yake, a rufe littattafai, wanda yake jan taro a ranar shi zai tashi da kansa ya buɗe, da fara'a. Na sha nanata wannan "da fara'a" ɗin har mutane suka gaji da ni.

Ana nan sai Baba ya sanar da mu cewa ya ajiye aiki, takardunsa na fita ta ƙarshe sun kusa fitowa, zai koma gida ya huta. Dole a sami wanda zai riƙe taron a bayansa. Ba albashi, ba kujera, ba komai a ciki sai ɗawainiya. Amma wallahi ina son abin nan, so na gaske, irin wanda mutum ba ya faɗa wa kowa. A wurin aiki ni ba kowa ba ne, mai ɗibar jini ne wanda ake ce wa "yalla, yalla", wato yi sauri, daga safe har yamma. Ina so a sami wuri guda a garin nan da in na buɗe baki za a yi shiru.

Kuma a ganina wa ya fi ni? Na fi kowa tsawo a taron, shi ya sa ma suke ce mini Dogo. Ina da murya. Na yi shekara guda ina zuwa ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na yamma a Zariya kafin in zo, kuma ba na barin kowa ya manta da hakan.

Baba ya lura, ai dattijo ne. Wata rana bayan an tashi ya ce, "Dogo, Juma'ata ta ƙarshe kai za ka ja taro, daga farko har ƙarshe. Ka koya mana yadda alkawaran da Allah ya yi wa kakanni suka kai ga sarauta a Isra'ila. In ka gama sai mu zaɓi wanda zai riƙe mu."

Na ce, "To, Baba, in Allah ya yarda," da murya irin ta mai tawali'u. A zuciyata kuwa na riga na fara tunanin sauye-sauyen da zan kawo.

Mako uku na yi ina shiri. Na cika shafi goma sha ɗaya. Ina gwaji a gaban madubi, ina auna inda zan ɗaga murya da inda zan yi shiru in dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Hannatu tana guga ina karanta mata, ta ce, "Maigida, a dokar da Musa ya bayar game da sarki, ba akwai wurin da aka ce kada ya ɗauki kansa ya fi 'yan'uwansa ba? Ban ji shi ba."

Na ce, "Lokaci ba zai isa a kawo komai ba."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da gugarta. Duk mai aure ya san wannan "uhm" ɗin.

Ranar ta zo. Na sa sabon kaftani fari ƙal, na ɗora hula, har da turare. Muka tarar da gidan Baba ya zama kamar sito. Shekara ashirin na tarkace an zuba a kwalaye: barguna, filas-filas, dabino, darduma, tukwane, kayan wasan jikoki. An jera su a ɗakin ciki har kusan rufi, suna jiran mai kago, wato mai aika kaya gida, ya zo ranar Asabar ya auna ya kwashe. Mu kuma muka matsu a falo, wasu a kujera wasu a ƙasa, kek yana tsakiya kamar kullum. A karo na farko kek ɗin bai yi ƙarya ba, don da gaske liyafar ban kwana ce.

Aka yi waƙa biyu ƙasa-ƙasa, aka yi addu'a, na miƙe. Kuma ku bar ni in yabi kaina sau ɗaya a labarin nan, farkon ya yi kyau. Na ce musu sarautar Isra'ila ba ranar da aka naɗa sarki na fari ta soma ba. Tun Ibrahim yana zaune a alfarwa, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa da zai ce tasa ce, Allah ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, da cewa ta wurinsa sauran al'ummai za su sami albarka, ya kuma gaya masa sarakuna za su fito daga tsatsonsa. Aka sake jaddada wa jikansa Yakubu wannan magana. Da Yakubu ya zo barin duniya ya tara 'ya'yansa, ya nuna cewa sandan mulki a gidan Yahuza zai zauna. Na zo kan Musa, na ce tun suna jeji aka gaya musu irin sarkin da za su yi in sun shiga ƙasar: wanda Allah ya zaɓa, ɗan'uwansu ba baƙo ba, wanda ba zai tara dawakai da mata da zinariya ba. Nan na yi tsalle na wuce wurin da Hannatu ta yi magana a kai, ban ko dubi inda take ba.

Na kawo su zamanin mahukunta, lokacin da ba sarki, kowa yana yin abin da ya ga dama. Na kawo su ranar da dattawa suka je wurin annabi Sama'ila suka ce ya naɗa musu sarki. Sai Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Dogo, in dai tun zamanin Ibrahim aka yi alkawarin sarakuna, me ya sa ran Sama'ila ya ɓaci da suka nema? Ba abin da aka alkawarta musu suka roƙa ba?"

Na ji daɗin tambayar, don tana shafi na shida. Na ce, "Baba, ba neman sarki ne laifin ba, irin sarkin da suka nema ne. So suke a ba su irin na maƙwabta, wanda zai shige gaba ya yi musu yaƙi, kamar dai ba Allah ne yake yi musu ba tun daga Masar. Alkawari yana tafe a kan lokacinsa, su kuma suka ƙosa. Shi ya sa aka ba su abin da idonsu yake so. Aka ba su Saul, wanda ba daga gidan Yahuza yake ba, ɗan kabilar Biliyaminu ne. Abin da yake da shi kawai, ya fi kowa tsawo."

Hannatu ta yi tari. (A lokacin ban ga abin tari ba.)

To, nan ne kaina ya fara rawa. Na ga mutane suna gyaɗa kai, na ga wata nas tana rubutawa, sai na saki takarda na shiga wasan kwaikwayo. Na ba su labarin ranar da aka tara jama'a za a nuna sarki, ƙuri'a ta faɗa kan Saul, aka nema aka rasa. Ina yake? Ya je ya ɓuya a cikin kaya. Na tsuguna bayan kujera ina leƙe, ina kwaikwayon yadda ƙaton mutum zai naɗe ƙafafu. Aka yi ta dariya ana toshe baki. Na miƙe na kakkaɓe kaftani na ce, "Ku duba fa, mutum kamar falwaya, an kira shi ya ja jama'a, ya je ya shige cikin buhuna. Da ina wurin da kunne zan jawo shi. Wanda aka ba jama'a, duk sanda aka neme shi a tsaye ya kamata a same shi."

Ban rufe baki ba aka buga ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa irin ta maƙwabci ba, bugu da tafin hannu, sau uku, har sakata tana motsi. Kowa namu yana ciki, babu wanda ake jira. Sai muka ji ƙarar ƙarfe, kamar sarƙa tana bugun wani abu, sannan wata murya mai kauri ta ce da Larabci a buɗe.

Zan so in ce muku na yi tunani. Ban yi ba. Abin da na sani, kunnena ya ji sarƙa, zuciyata ta ce ankwa ce. Na ga iƙamata a hannun wani, na ga kaina a filin jirgi da silifas, na ga tsohuwata tana tambaya me na yi aka koro ni. Ƙafafuna ba su nemi shawarata ba. Na tsallake wata baiwar Allah da ke zaune a ƙasa, na bi ta lungu, na faɗa ɗakin ciki. Akwai wani ƙaton kwali na injin wanki da Baba ya zuba barguna har rabi bai rufe ba. Na shige, na naɗe gwiwa har haɓa, na ja bargo ɗaya na lulluɓa, na jawo marafan kwalin na rufe kaina. Ni da ko a kujerar jirgi ƙafafuna ba sa samun wuri, ban san yadda na shiga ba.

Daga ciki ina jin komai. Na ji falon ya yi tsit, sai rurin mukayyif. Na ji ana rufe littattafai, yadda ƙa'ida ta tara ta ce. Kowa ya zauna inda yake, yadda ƙa'ida ta tara ta ce. Saura mai jan taro ya tashi ya buɗe da fara'a, shi kuwa yana cikin kwali yana shaƙar ƙurar bargo.

Sai na ji takun da na sani ko a cikin dubu. Hannatu ce, 'yar gajeruwar matata da ko kafaɗata ba ta kai ba. Na ji ta zare sakata. Na ji ta ce, da fara'a kuwa, "A'a, Alhaji, kai ne? Sannu da zuwa, bismilla."

Alhaji Tanimu ne mai kago. Mutumin Gusau ne, yana da shago a Batha, kusan duk ɗan Najeriyan da zai aika kaya gida ta hannunsa yake bi. Ya daɗe a ƙasar har Larabci ya fi saurin fito masa. Sarƙar da na ji kuwa ta ƙaramin amalanken da yake ɗora sikelinsa a kai ce. Na ji yana ba Baba haƙuri: kayan Asabar an matso da tafiyarsu kusa, dole yau a kwashe, ya yi ta kiran waya tun ɗazu a kashe (ƙa'ida ta huɗu, ita ma ni na rubuta), shi ya sa ya hau da kansa don ya gama kafin lokacin masallaci.

Mai hankali a nan zai fito. Ya ce wa mutane ya tsorata, a yi dariya, a wuce. Ni kuwa na ce a raina bari in lafe har Alhaji ya tafi, in ya so in fito ta wajen banɗaki kamar can na je. Ban tuna cewa kwalayen da nake ciki su ne suka kawo shi ba.

Na ji sun shigo ɗakin, shi da Baba, da takun mutane da yawa a bayansu. Alhaji ya fara aiki. Ya buɗe kwali ya duba abin da ke ciki, ya ja salatif ƙiiit ya manne, ya ɗora a sikeli, ya rubuta. Kwali na biyu, na uku. Ƙarar salatif tana matsowa. Zufa ta jiƙa sabon kaftanina, ƙafata ta dama ta mutu, turaren da na fesa ya haɗu da warin bargo ya zama wani abu dabam. Ban taɓa addu'a da gaske irin ta ranar ba, kuma abin da nake roƙo kawai shi ne ƙasa ta tsage.

Ya iso kaina. Ya kama kwalin zai jawo, ya ƙi motsi. Ya sake ja da nishi.

"Baba, ka ce barguna ne a nan. Wane irin bargo ne haka, na ƙarfe?"

Na ji Baba ya yi gyaran murya. "Alhaji, wannan a bar shi tukuna. Ban gama shawara da abin da ke ciki ba."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Ashe duk sun ga inda na shiga, don gefen hulata yana waje.

Alhaji ya ce, "A'a, ni ba na ɗaukar abin da ban gani ba, ka san aikin." Ya buɗe marafan, ya ɗaga bargon. Muka haɗa ido. Mutumin nan ni nake gwada masa sukari duk wata uku, ni nake yi masa faɗa a kan shayi.

Ya ce, "Likita?" (Haka yake kiran duk wanda ya gani da farar riga a asibiti.)

Na ce, "Na'am, Alhaji. Barka da Juma'a."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Likita, in gida kake so, ka bi ta filin jirgi kamar kowa. Mu ba ma ɗaukar mai rai."

Fitowar ta fi shigar wuya. Na yunƙura, ƙafar da ta mutu ta ƙi, kwalin ya kife da ni, na fito da rarrafe da bargo a wuya. Na ɗaga kai na ga fuskoki goma sha uku a bakin ƙofa, kowa ya cije leɓe. Hannatu ce kaɗai ba ta dariya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Littattafai na zo ɓoyewa." Kowa ya dubi hannuna, ba komai. Ta ƙofar ana hango teburin falo, ga Littafina can a buɗe kusa da kek, da shafuna goma sha ɗaya a baje. A duk gidan shi kaɗai ne ba a rufe ba.

Alhaji, Allah ya saka masa, shi ya rufa mini asiri. Ya mayar da kai kan sikelinsa ya ce, "Ku yi haƙuri na katse ku. Ai na san Juma'a kuna addu'arku, shekara nawa ina zuwa gidan nan. Ku koma, ni zan ƙarasa a hankali. A sa mu a ciki." Ya gama, aka taya shi sauke kaya, ya tafi masallaci.

Muka koma falo. Na nemi lungu zan zauna, sai Baba ya ce, "Dogo, ai ba ka gama ba. Ka tsaya ne Saul yana cikin kaya. Ci gaba."

Ban taɓa sanin murya tana ƙanƙancewa haka ba. Na ɗauki takarda ina karantawa kamar mai karanta sakamakon gwaji. Na ce bayan Saul aka aiki Sama'ila gidan Yesse, a kabilar Yahuza, aka wuce manyan 'ya'ya masu cika ido aka ɗauko autansu Dawuda daga kiwo. Na ce da Dawuda ya zauna daram a kan mulki ya so ya gina wa Allah ɗaki, sai aka aiko annabi Natan ya gaya masa ba shi zai gina ba, Allah ne zai kafa masa gida da gadon sarauta mai dawwama. Ta haka alkawarin da aka yi wa Ibrahim ya sami gidan da zai zauna. Na kai ƙarshen shafi na tsaya.

Baba ya ce, "Da aka jawo Saul daga cikin kaya, an fasa naɗa shi?"

Na ce, "A'a, Baba. An naɗa shi."

"To ashe ba ɓuyan ne ya kayar da shi ba. Tsoro kowa yana ji, ni ma ɗazu na ji shi. Abin da ya kayar da shi, duk sanda aka kama shi da laifi yana da bayani a aljihu. Dawuda kuwa laifinsa ya fi na Saul muni, amma da annabi ya nuna shi da yatsa bai ce littattafai ya je ɓoyewa ba." Bai ko ɗaga murya ba. "Kuma akwai abin da ka bari a maganar Natan. An gaya wa Dawuda in zuriyarsa ta yi laifi za a hore ta, amma ba za a janye ƙauna daga gare ta ba. Ka ga alkawarin ba a kan jarumtar sarki aka ɗora shi ba. Da a kanta ne, da bai kai jika ba. Wanda ya yi alkawarin shi yake riƙe da shi."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta cikin kwalin nesa ba kusa ba. Na ajiye takardun na ce, "Jama'a, ƙarya na yi. Tsoro na ji. Na gudu na bar ku, na bar matata ta buɗe ƙofar da ni ya kamata in buɗe. Ku yafe mini."

Sai wata daga cikin nas-nas ɗin ta ce, "An yafe, Dogo, amma fa ba za a manta ba," aka kwashe da dariyar da aka daɗe ana dannewa, har Baba ya nuna mukayyif yana cewa a sassauta.

Aka zo zaɓe. Baba ya yayyanka takarda, kowa ya rubuta suna ɗaya ya naɗe ya jefa a kwanon sha. Ya riƙa buɗewa yana karantawa. Hannatu. Hannatu. Hannatu. Ta rufe fuska da gyale tana cewa ita ba ta nema ba. Aka gama, tana da goma sha biyu, ni ina da biyu. Ɗaya dai na san tawa ce. (E, bayan duk abin nan sunana na rubuta. Na ce zan gaya muku gaskiya.)

A hanyar komawa ina tuƙi, sabuwar shugaba tana gefe da ragowar kek a cinya. Abin yana cina, wa ya ba ni ƙuri'a ta biyun? Na yanke cewa Baba ne ya ji tausayina. Da muka tsaya a danja na kasa haƙuri na ce, "Baba dai mutumin kirki ne. Ko ba komai ya ba ni ƙuri'arsa."

Ta ce, "Ba Baba ba ne. Ni ce."

Na juyo na dube ta. "Ke? Bayan abin da na yi?"

"Kada ma ka fara, ba don ka cancanta ba ne. Ranar aurenmu na tsaya gaban mutane na ce ina tare da kai, da daɗi ba daɗi. Ba a ce ban da kwali ba." Ta gyara zaman kek ɗin. "Ga shi an ba ka hannu, ja mu tafi."

Mako uku na yi ina haɗa shafi goma sha ɗaya a kan alkawari, ban gane shi ba sai a bakin danja, na bayanmu yana ta danna mini oda. Hannatu ta riƙe taron nan shekara huɗu lafiya lau, kuma takan ba ni koyarwa jefi-jefi. Sai dai tun daga ranar, in karatu ya biyo ta kan Saul, a hankali nake bi, da ladabi, ba na ko murmushi. Duk wanda zai yi wa mutumin nan dariya ya bari tukuna a buga masa tasa ƙofar. Ni dai na san abin da ya ji.